Yadda ake karɓo bindiga daga hannun 'yan sanda bayan an gama shari'a

Ranar da alƙalin majistare ya wanke kawuna daga zargin yi wa maƙwabcin gonarsa barazana da bindiga, murna ta sa muka fice daga kotu babu wanda ya tuna da bindigar. Sai da muka isa gida, 'yan barka suka watse, aka yi sallar isha'i, sannan Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ita kuma bindigar tawa mai baki ɗaya fa?" Na ce, "Kawu, ai tunda an wanke ka, gobe da safe sai mu je caji ofis mu ɗauko abinmu." Wannan goben sai da ta kai mu wata bakwai. Kuma in za a faɗi gaskiya, fiye da rabin jinkirin namu ne, don ba mu san ta inda ake farawa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta hanyar daki-daki, ko wani ya huta da zaryar da muka sha.

Abin da ya kamata mutum ya fara sakawa a ransa shi ne wanke shi daban, sakin bindigarsa daban. Duk abin da aka karɓe aka ajiye a matsayin shaida, wato abin da ma'aikatan kotu da 'yan sanda ke kira egzibit, ba ya fita sai da takarda. Magiya ba ta fitar da shi, sanayya ma haka. Ɗan sandan da ya miƙa maka bindiga babu odar kotu, kakinsa ya saka a caca, kuma ya san da haka.

Fara duba bindigar taka da lasisinta

Kafin ka kashe ko kwabo a kuɗin mota, zauna ka tambayi kanka: bindigar nan doka ta yarda in riƙe ta? Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau ita ke aiki, ta raba bindigogi gida uku.

Gida na farko shi ne haramtattu: bindigogin yaƙi irin su AK-47, masu sarrafa kansu, da fistol kowace iri. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma wanda aka kama da ɗaya babu izini, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10 a gidan yari. Gida na biyu shi ne na amfanin kai, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu da bindigar iska, kuma lasisinsu daga Babban Sufeton 'Yan Sanda yake fitowa. Na uku su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, su bindigar toka da adaka, waɗanda sha'aninsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Akwai wurin da mutane da yawa ke faɗawa rami. Bindigar nan da ake kira fam-akshan, wadda ake ja baya a tura gaba ta ɗora harsashi, mutane na ɗaukarta 'yar'uwar baki biyu ce. Doka ba ta ɗauke ta haka ba. A jerin bindigogin amfanin kai an cire irin wannan bindiga mai na'urar ɗora harsashi, kuma a 2018, zamanin Sufeto Janar Ibrahim Idris, rundunar 'yan sanda ta saka ta cikin makaman da ta ce a miƙa. In irinta ce taka, ko da kana da wata takarda a hannu, kada ka taka ko'ina sai lauya ya karanta takardar ya gaya maka matsayinta.

In kuwa ba ka da lasisi sam, to ka hutar da kanka. Ka je ka ce "tawa ce, a ba ni" daidai yake da ka rubuta wa kanka sabuwar tuhuma ka sa hannu. Na san wannan magana tana da ɗaci ga manomi ko maharbin da ya gaji bindigar daga mahaifinsa, musamman a wannan zamani na rashin tsaro, amma lasisi ba ya bin gado. Doka ta ba magaji kwana 14 ne kacal bayan rasuwar mai lasisi. Bayan haka, ko ya nemi nasa, ko ya kai bindigar ma'ajiyar makamai ta hukuma.

Yaya shari'ar ta ƙare?

Mataki na biyu shi ne ka san ainihin abin da alƙali ya faɗa, ba abin da ka ji 'yan rakiya suna faɗa a bakin kotu ba. "An sallame shi" kalma ce da ke rufe abubuwa da dama.

In an saurari shaidu, alƙali ya sallame ka kuma ya wanke ka, ka fi kowa ƙarfin hujja. In kuwa korar ƙarar aka yi saboda mai gabatar da ƙara ko shaidu sun daina zuwa, to an sallame ka ne kawai, ana iya dawo da maganar, kuma 'yan sanda na iya cewa suna buƙatar bindigar har yanzu. Wannan ba ya hana ka nema, amma ka shirya wa jayayya. Haka nan in sulhu aka yi mai ƙara ya janye, ka tabbata an rubuta janyewar a kundin kotu.

In an same ka da laifi, duba ko hukuncin ya ce an ƙwace bindigar ta zama ta gwamnati. In ya ce haka, hanya ɗaya ce ta rage: ɗaukaka ƙara. Ko bai faɗa ba, dokar 1959 ta hana ba da lasisi ga wanda aka samu da laifin tashin hankali ko barazanar tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Don haka ko bindigar taka ce halak malak, riƙe ta a gida ba zai yiwu ba a wannan tsakanin.

Akwai kuma wanda ba a ma kai shi kotu ba. An kama shi, an bincika, ba a ga komai ba, an sake shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a mayar wa irin wannan mutum kayan da aka karɓe a hannunsa, muddin ba su da alaƙa da laifi. Jihohi ma sun yi tasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Shi wannan sai ya fara da rubuta wa Kwamishina kai tsaye, in ba a saurare shi ba ya nufi kotu. Wanda aka sace masa bindiga aka kama ta a hannun ɓarawo shi ma hanyar da zan bayyana zai bi, sai dai ya haɗa da rahoton satar da ya kai tun farko.

Gano inda take

Wannan mataki ne da ya ci mana wata guda a banza. Mun ɗauka bindigar tana ofishin da aka fara kai Kawu, ashe tun makon farko an wuce da ita sashen binciken manyan laifuka na hedikwatar jiha tare da fayil ɗin. Can kuma aka ce mana an gabatar da ita a kotu. A kotu magatakarda ya buɗe kundi ya nuna mana cewa an karɓe ta a matsayin shaida, an ba ta lamba, sannan alƙali ya ce a mayar wa 'yan sanda ajiya saboda ɗakin kotun ba wurin aje makami ba ne.

Don haka fara da magatakardar kotun da ta yi shari'ar. Tambaye shi abu uku: an gabatar da bindigar a gaban alƙali? Wace lamba ko harafi aka ba ta? A hannun wa aka bar ta? Daga nan ka nemi ɗan sandan da ya binciki maganar, wanda ake kira IPO. In an yi masa canjin wurin aiki, kada hankalinka ya tashi. Kowane ofishi yana da jami'i mai kula da ɗakin egzibit, kuma yana da rajistar da ake shigar da duk abin da ya shigo. Lambar da ke cikin wannan rajista ita kake nema. Rubuta ta, ka adana.

Haɗa takardunka

Na farko, kwafin hukunci mai hatimin kotu, wanda ake kira CTC. Za ka rubuta wa magatakarda takardar nema, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit. Hoton hukunci da wani ya ɗauka da waya ba ya aiki. Na biyu, asalin lasisin bindiga da rasitan sabunta shi. Na uku, shaidar mallaka: rasitin dillalin da ka saya a wurinsa, ko takardar canjin mallaka in daga hannun wani ta zo. Sai katin shaidar ɗan ƙasa, da hotuna 'yan ƙanana.

Akwai takarda ɗaya da mutane ke wasa da ita: jerin kayan da aka karɓe ranar kamu. Dokar 2015 ta wajabta wa 'yan sanda su rubuta duk abin da suka karɓa, jami'i ya sa hannu, wanda aka kama ya sa hannu, a ba shi kwafi. In an ba ka, ka riƙe ta da kyau, don ita ce za ta nuna harsashi nawa aka tafi da su, da ko an haɗa da jaka ko ɗamara. In ba a ba ka ba, a bayan takardar izinin binciken gida ma akan rubuta abin da aka ɗauka, kuma kwafinta na cikin fayil.

In bindigar gargajiya ce da ba ta da lamba a jiki, nemi wasiƙa daga dagaci ko hakimi da Sarkin Baka, a bayyana kamanninta: tsawon baki, irin icen ƙota, wata alama ko ɗauri da ke jikinta. Wasiƙar ba ta maye gurbin lasisi, amma tana raba gardama ranar da aka zube maka bindigogin toka goma masu kama ɗaya.

Yi kwafi uku-uku na komai. Asali kuwa nunawa ake yi, ba a bari a ofis.

Roƙon kotu

Nan ne zuciyar aikin. Doka ta ba kotun da ta yi shari'a ikon yanke abin da za a yi da kayan shaida bayan an gama: a mayar wa mai shi, a ƙwace, ko a lalata. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan roƙo shi ne ranar hukunci. Alƙali na rufe baki lauyanka ya miƙe ya ce, ya mai shari'a, muna roƙon a saki egzibit kaza ga mai shi. Sau da yawa nan take ake rubutawa. Mu wannan minti biyun muka bari ya wuce. In shari'arka ba ta ƙare ba tukuna, tun yanzu ka tuna wa lauyanka, ka sake tuna masa a safiyar hukunci.

In ranar ta wuce, sai a shigar da buƙata a rubuce a kotun, tare da takardar rantsuwa. Takardun da Turanci ake yin su, kuma ban ba ka shawarar ka yi da kanka ba. In ba ka da halin ɗaukar lauya, je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa da ke babban birnin jiharku ka gabatar da kanka. Abin da rantsuwar za ta ƙunsa kuwa kai ne za ka ba da shi: sunanka, lambar shari'a, ranar da aka karɓi bindigar da inda aka karɓe ta, ƙirarta, girman bakinta, lambar jikinta, lambar lasisi, yadda shari'ar ta ƙare, da cewa babu wata tuhuma a kanka game da ita. Kada ka ƙara gishiri. Rantsuwa ce, kuma ƙarya a cikinta laifi ne mai zaman kansa.

Za a kai wa ɓangaren masu gabatar da ƙara kwafi, a sa rana. In ba su yi jayayya ba, zama ɗaya ya isa. In sun yi, galibi ɗayan biyu ne: ko su ce za su ɗaukaka ƙara, ko su ce lasisinka ya mutu.

Roƙi lauya ya tsaya a kan yadda za a rubuta odar. Odar da ta ce kawai "a saki kayan shaida" tana barin ƙofa a buɗe. Mai kyau ita ce wadda ta ambaci bindigar da lambarta, yawan harsashi, sunan wanda za a ba, da ofishin da aka umarta ya saki. Tamu ta farko an yi kuskuren harafi ɗaya a lambar bindigar, an rubuta 8 a wurin B. Mai kula da ɗakin ya duba ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba ita ce a wurina ba." Gaskiyarsa ne. Sai da muka koma kotu aka gyara, mako uku suka tafi. Kafin ka bar ofishin magatakarda, ɗora odar kusa da lasisi ka bi lambar harafi-harafi da yatsa.

Sai kuma haƙurin wa'adin ɗaukaka ƙara. A ƙa'ida ba a aiwatar da irin wannan oda sai lokacin da aka ba ɗaya ɓangaren ya wuce: kwana 30 daga kotun majistare zuwa babbar kotu, kwana 90 daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi. In an ɗaukaka, bindigar na nan har a gama. Wani lokaci kotu kan yarda a ba ka bisa sharaɗin ka sa hannu, da mai tsaya maka, cewa za ka dawo da ita in an nema. Ga makami ba kowane alƙali ke yarda ba, amma roƙo ba laifi ba ne.

Kai odar wurin 'yan sanda

Da odar ta fito da hatiminta, lauya ya rubuta wasiƙa zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, a haɗa da odar, hukunci, da kwafin lasisi. Ko da bindigar tana ƙaramin ofishi ne, Baturen 'yan sanda na yanki ba zai so ya saki makami ba sai ya ji daga sama, don haka gara ka fara daga saman. Miƙa wasiƙar a ofishin karɓar wasiƙu, ka sa a buga maka hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kwafinka. Wannan kwafi shi ne makaminka na gaba in aka ce ba a ga takarda ba.

Daga nan takarda kan bi ta sashen shari'a na rundunar, su tabbatar da odar daga kotu, sannan ta je wurin masu kula da rajistar bindigogi su duba lasisi. Ka riƙa leƙawa duk mako, cikin ladabi, kana tambayar teburin da ta kai. Rubuta ranar da ka je da abin da aka ce maka a ɗan littafi.

Maganar lasisin da ya mutu tana buƙatar tsayawa. Shari'a takan ɗauki shekara biyu ko uku, mutum kuma ya ce me zai sabunta tunda bindigar ba ta hannunsa. Kawu ma haka ya yi. Ranar da oda ta fito lasisinsa ya shekara biyu da ƙarewa, kuma babu jami'in da zai miƙa maka makami kana fita ƙofa ka zama mai laifi. Abin ya ƙara tsauri tun da muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisin ƙananan makamai a watan Agustan 2023. Saboda haka, in shari'arka na tafiya, ci gaba da neman sabuntawa a kan lokaci kana adana shaida. In ya riga ya mutu, je ofishin rajistar bindigogi na hedikwatar jiha ka shigar da neman sabuntawa a rubuce, ka kuma roƙi a bar bindigar a ma'ajiyar makamai da sunanka a matsayin ajiya, a ba ka takardar shaida. Bambancin babba ne. Bindigar da ke ajiye da sunan mai ita daban take da wadda ke jibge cikin makaman da aka ƙwace, waɗanda ake tattarawa a miƙa wa cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, ita kuma ta lalata su. Abin da aka narkar ba oda da za ta dawo da shi.

Duk kuɗin da aka ce ka biya, tambayi rasit. In babu rasit, ba na gwamnati ba ne. Kuma bindigar da ta fito ta bayan fage sunanta na nan a rajista a matsayin wadda ke ajiye, ranar da aka zo ƙidaya kai za a nema.

Ranar karɓa

Je da kanka, kada ka tura ɗan aike. Tafi da lauya ko wani dattijo, da asalin takardu, da jakar bindiga ko buhu mai kauri, kuma da motar gida, ba ta haya ba. Je da safe.

Ɗakin da aka shigar da mu ƙarami ne, yana warin ƙura da tsohon mai. Adduna da gorori a kusurwa ɗaya, babura biyu a jingine, bindigogi a jere a bango kowace da 'yar takarda ɗaure da zare a wurin kunama. Tun daga bakin ƙofa Kawu ya nuna tasa, saboda jar fatar da ya naɗe ƙotar da ita shekaru da yawa. Jami'in bai kula da fatar ba. Ya karya bindigar ya leƙa ya tabbatar babu komai a ciki, ya goge tsatsa da tsumma har lambar ta fito, ya karanta da ƙarfi, ni kuma ina bi a takarda.

Ka yi yadda ya yi. Duba lamba, duba baki ko ya lanƙwashe ko ya tsage, duba ƙota da kunama, ƙirga harsashi ka gwada da jerin ranar kamu. In an harba wasu wurin gwajin masana, a rubuta. Duk abin da ya ɓace ko ya lalace, a shigar da shi a rajista kafin ka sa hannu, don bayan sa hannu magana ta ƙare. Nemi kwafin takardar saki mai ɗauke da suna, muƙami da sa hannun jami'in da ya miƙa maka.

In an ƙi, ko an ce ba a gan ta ba

Kada ka yi hayaniya a ofis. Lauya ya sake rubuta wa Kwamishina tunatarwa, ya ba da wa'adi. In shiru, akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar 'yan sanda, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Mafi ƙarfi duka shi ne komawa kotun da ta ba da odar, domin ƙin bin umarninta raina kotu ne. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda a riƙe dukiyar mutum na ɗan lokaci don bincike, bai yarda a riƙe ta har abada ba, kuma a kan wannan lauya zai iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu. In cewa aka yi ta ɓata, nace a ba ka wannan a rubuce, ka kai wa ofishin da ya ba ka lasisi rahoto cikin kwana 14. Bindiga mai lambarka tana yawo a wani hannu ba ƙaramin hatsari ba ne gare ka.

Hanyar gida

Bindiga a jaka, babu harsashi a ciki, harsashi a wata jakar daban, takardu a aljihun gaba inda hannu zai kai da sauri. In kun iso shingen bincike, tun kafin a buɗe but ka ce, "Yallaɓai, akwai bindiga mai lasisi a mota, yanzu na karɓo ta bisa odar kotu, ga takardu." Kada ka kai hannu wurinta, bari shi ya buɗe. Kada a tsaya kasuwa, kada a biya gaisuwa.

A gida kuma kada ɗoki ya sa ka gwada ta. Ƙarfen da ya shekara uku a ɗaki mai laima yana iya fashewa a hannu. Gyaran bindiga ma sai mai izini, don haka tambayi ofishin rajistar bindigogi wanda suka amince da shi, ba kowane maƙeri ba. Ka sanar da mai unguwa cewa ta dawo ta hanyar kotu, musamman in wanda kuka yi shari'ar da shi maƙwabci ne. Kawu ya sa an yi masa akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, harsashi kuma a wani wuri da yara ba su sani ba. Odar kotun da takardar sakin yana ajiye da su a leda ɗaya da lasisin, kwafinsu kuma yana wurina.